Babi na Shida: Rarar da Kamfani Bai Rubuta Ba

Tsohon agogon rediyo mai jajayen lambobi, irin wanda ake jonawa a soket a ajiye a gefen gado, idan aka saye shi a kasuwar Batha ta birnin Riyad aka kawo shi Kano, yana iya riƙa yin lattin minti 10 a kowace awa alhali babu abin da ya lalace a cikinsa. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a sakan guda, ta Najeriya da Nijar kuwa sau 50. Shi agogon juyawar wutar kawai yake ƙirgawa, da ya ƙirga 60 sai ya ce sakan ɗaya ya wuce. A Kano dole ya ɗan jira kafin sittin ɗin ta cika, kuma wannan ɗan jiran ne yake taruwa ya zama awa huɗu a kwana.

Kusan duk na'urar zamani haka take: akwai abin da ke kaɗawa, akwai kuma abin da ke ƙirga kaɗawar. Da wannan waya da kwamfuta da dikoda da rediyo suke sanin lokacin da za su yi kowane motsi. Sai dai yawancinsu ba su dogara da wutar soket ba, suna da ɗan kiristal na dutsen kwaz a ciki. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa in aka matsa irin wannan dutse yana fitar da lantarki, daga baya kuma aka tabbatar cewa in aka ba shi lantarki yana motsi. Warren Marrison da abokin aikinsa suka haɗa agogon kwaz na farko a Bell Labs a 1927, Seiko kuma ya fitar da na hannu a ƙarshen 1969. Kiristal ɗin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a sakan, lambar da aka zaɓa don in aka yi ta raba ta biyu har sau 15 za ta dawo ɗaya cif.

Matsalar kiristal ita ce murya ɗaya gare shi. Yadda aka yanka shi, haka zai yi ta kaɗawa har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa tsofaffin rediyon oba-oba suke buƙatar kiristal daban ga kowane layi. Abin da ya kawo sauƙi shi ne wata da'ira da ake kira PLL. A cikinta akwai osileta mai gudu ƙwarai wanda ake ƙara masa sauri ko a rage ta hanyar canza ƙarfin lantarkin da ake ba shi. Ana raba gudunsa da wata lamba, a gwada sakamakon da bugun kiristal. In ya yi gaba a ja shi baya, in ya yi baya a tura shi, sau dubbai a sakan, har su daidaita. Idan sun daidaita sai a ce da'irar ta kulle. Daga nan osiletan mai gudu ya gaji natsuwar kiristal, kuma da canza lambar rabon kaɗai za a iya samun duk firikwensin da ake so.

Cif ɗin da ya shigar da wannan dabara ɗakin talaka shi ne Si5351, wanda kamfanin Silicon Labs na birnin Austin a Amurka ya ƙera. Ƙaramin samfurinsa ƙafafu 10 gare shi, faɗin jikinsa milimita 3, kuma yana fitar da bugu uku daban-daban a lokaci guda daga kiristal ɗaya mai megahaz 25 ko 27, wato mai kaɗawa sau miliyan 25 ko 27 a sakan. An yi shi ne don ya maye gurbin tarin kiristal a cikin firinta da dikoda da makamantansu, amma masu rediyon sha'awa suka yi caraf da shi, domin da kuɗi ƙalilan ya ba su abin da a da sai mai hali. Ashhar Farhan na Indiya ya sa shi a rediyonsa uBITX, allunan koyon lantarki na ɗalibai kuma suka cika da shi. Lissafinsa ba wuya. In kana son megahaz 7, sai ka ninka 25 sau 28 ka sami 700, ka raba 700 da 100.

Wannan 700 ta tsakiya ita ce zancenmu. Takardar bayanin kamfani ta ce osiletan cikin cif ɗin zai yi aiki tsakanin megahaz 600 da 900. Duk lissafin da za ka yi, lambar tsakiya ta faɗo cikin wannan fili. To amma an daɗe da gane cewa in ka umarce shi ya yi 920 yana yi, in ka ce 950 ma yana yi. Masu gwaji sun haura da shi sama da 1,000, sun kuma sauko da shi har wajen 400, yana kulle yana aiki. Sai tambaya ta taso: ƙarya kamfanin ya yi, ko kuwa rowa?

Ko ɗaya babu. Lambar da ke takarda alkawari ce, kuma alkawarin yana da faɗi fiye da yadda mai gwaji a kan teburinsa yake zato. Kamfanin yana cewa ne: kowane cif daga cikin miliyoyin da za mu buga, har da mafi rauninsu, a kowane yanayi daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa digiri 85, da wutar da ta sauka zuwa bolt 3.0 ko ta hau zuwa 3.6, zai kulle tsakanin 600 da 900. Ba a taɓa samun cif biyu da suka fito daidai wa daida ba, ko da daga faifan silikon ɗaya aka yanko su. Wani ya fi wani kuzari kaɗan. Don mafi rauni ya cika alkawari a rana mafi muni, dole matsakaicin cif a rana mai daɗi ya kasance da rara mai yawa. Tela ma haka yake yi in ya bar ɗan yadi a cikin ɗinki: ana iya farkewa a buɗa rigar, amma ba kowace riga ce aka bar wa daidai da 'yar'uwarta ba, kuma in ka buɗa ta gaba ɗaya babu sauran abin da za ka buɗa ranar da ƙiba ta zo.

Masu kwamfuta sun san wannan rara tun tuni. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, matasa suka gano cewa yawancinsu suna yin 450 in aka ɗaga gudun allon daga 66 zuwa 100. Yawancinsu, ba dukkansu ba.

Ya kamata a bambance iyakoki biyu da ke cikin irin wannan takarda, don nan ne masu koyo suke yawan rikicewa. Akwai iyakar aiki, akwai iyakar halaka. Bolt 3.8 da aka rubuta wa Si5351 iyakar halaka ce. Ka jona masa bolt 5 kai tsaye, kana iya rasa shi nan take. Megahaz 900 kuwa iyakar aiki ce. Ƙetare ta ba ya ƙona komai, cif ɗin dai yana iya kasa yin abin da aka sa shi. Wannan ne ya sa mutane suke ɗaukar abin da wasa, ni kuwa a ganina shi ne ya fi sa shi zama abin tsoro. Abin da ya ƙone yana wari, mai shi ya sani. Osiletan da ya kasa kullewa bai daina fitar da bugu ba, yana nan yana kaɗawa a wani wuri kusa da inda aka ce, yana ɗan yawo, allon rediyon kuma yana nuna lambar da aka rubuta masa kamar lafiya lau, tunda allon umarnin da aka bayar yake nunawa, bai auna abin da ya fito ba. In rediyon mai aikawa ne, muryarka na iya sauka a layin da ba naka ba. A Saudiyya hukumar CST da ke Riyad ce take ba masu rediyon sha'awa lasisi, da lambobin kira masu farawa da HZ ko 7Z ko 8Z, kuma kamar kowace ƙasa, lasisin ya ɗora wa mai shi alhakin tsayawa cikin zangon da aka ba shi. Cewa cif ne ya zame ba hanzari ba ne.

Me zai sa mai hankali ya fita daga iyaka da gangan? Mafi kyawun misali shi ne na Hans Summers, Baturen Ingila mai kamfanin QRP Labs, wanda ya fitar da ƙaramin rediyonsa QCX a 2017. Irin wannan rediyo yana buƙatar bugu biyu masu gudu ɗaya, amma ɗaya yana bayan ɗaya da rubu'in zagaye. Da su ne yake bambance tashar da ke sama da inda aka murɗa da wadda ke ƙasa, ya ɗauki ɗaya ya zubar da ɗaya. A da sai an ƙara wani cif don a sami wannan jinkiri. Si5351 yana iya yi da kansa, amma da sharaɗi: gurbin da ake rubuta jinkirin bit 7 ne kacal, wato ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 127, kuma don a sami rubu'in zagaye dole lambar jinkirin ta zama daidai da lambar rabon, ita kuma ana son ta zama mai rabuwa biyu. Ke nan rabo mafi girma shi ne 126. Raba 600 da 126, za ka sami megahaz 4.76. Ƙasa da nan, a bisa takarda, dabarar ta ƙare.

Zangon mita 40, wato megahaz 7, ya tsira, domin 7 sau 126 ya ba da 882. Zangon mita 80 kuwa, wanda ke farawa daga megahaz 3.5 kuma masu hirar dare suke ƙauna, yana buƙatar osiletan ya sauko zuwa 441. Wannan ya yi ƙasa da iyaka da fiye da rubu'i. Summers ya gwada, ya ga cif ɗin yana kullewa a can har da ɗan saura, ya bayyana abin da ya yi a fili, ya kuma sayar da rediyoyi masu yawa a kan haka. Babu wanda zai ce ya yi wauta. Amma a lura da abin da ya sa ya yi daidai: ya auna, ya san inda bakin ramin yake, ya tsaya nesa da shi, masu sayen kuma mutane ne da ke haɗa rediyon da hannunsu, waɗanda in abu ya ƙi za su iya ganowa.

Yanzu a ɗauko wannan lissafi a kawo shi Riyad. A watannin Yuli da Agusta zafin rana a birnin yakan kai digiri 43 zuwa 45 a inuwa, a tsakiyar hunturu kuma akwai dararen da sanyi ke kusantar sifiri. Cikin motar da aka ajiye a rana yana iya haura 65. Akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan rufi, ga rana daga sama ga zafin na'urar aikawa daga ciki, ba zai gaza haka ba. Duk wannan bai kai digiri 85 ba. Ma'ana, muddin osiletanka yana tsakanin 600 da 900, zafin Riyad damuwar kamfani ce, kuma sun riga sun biya kuɗinta da rarar nan. Ranar da ka rubuta 441 ko 1,000, rarar da aka tanada don zafi ita ka kashe a kan gudu, damuwar kuma ta dawo kanka. Taransistocin irin wannan cif suna rage kuzari in sun yi zafi ko wuta ta yi ƙasa, saboda haka bakin iyakar gaskiya ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, yana matsawa. Gwajin da wani ya yi a ɗaki mai sanyi a Jamus ko Japan, ya ce nasa ya kai kaza, labarin cif ɗinsa ne a ɗakinsa. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Sarki Sa'ud da ya gwada aikinsa a ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya iska, bai gwada shi a Riyad ba tukuna, sai ya fita da shi waje. Haka ma mai gyara a Farm Centre ta Kano, ko na Sakkwato a watan Afrilu.

Zafi yana da wata illa ta biyu wadda ba ruwanta da ƙetare iyaka, kuma ana yawan haɗa su. Shi kansa kiristal yana sauya murya da yanayi. Na agogon hannu an yanka shi ne don ya fi daidai a wajen digiri 25, kuma ko zafi aka ƙara ko sanyi, jinkiri yake yi. A digiri 45 yana rasa sakan ɗaya da ɗan kai a kwana, a 65 kuwa kusan sakan 5. A agogo wannan ba abin tada hankali ba ne. Amma PLL ninkawa yake yi, kuma kuskuren ma ninka shi yake.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne a kan dish. Ɗan kan nan da ke gaban faranti, LNB, yana da nasa osiletan mai megahaz 9,750, wanda a samfuran zamani ake samu ta ninka kiristal mai 25 sau 390. An ƙera shi don ya kama daga megahaz 10,700 zuwa sama. A Nuwamba 2018 aka harba tauraron Qatar mai suna Es'hail-2, ɗauke da wani sashe da aka keɓe wa masu rediyon sha'awa, wanda suke kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a sama, dab da taurarin Badr na Arabsat, ƙungiyar da hedikwatarta ke Riyad tun bayan kafa ta a 1976, don haka farantin da ke kallon Arabsat kusan yana kallonsa. Inuwarsa ta rufe daga gabashin Brazil zuwa Tailan, har da Najeriya da Nijar baki ɗaya. Yana sauko da murya a wajen megahaz 10,489.5, ƙasa da inda aka yi wa LNB alkawari da fiye da 200. Duk da haka LNB na kasuwa yana kama shi, da ɗan raguwar ƙarfi. Wasu ma sukan cire kiristal ɗin, su shigo da bugu daga waje mai megahaz 25.787, don osiletan ya hau zuwa 10,057, bambancin da ke tsakaninsa da muryar tauraron ya faɗo a 432 inda rediyonsu ke ji. Ƙarin kashi 3 cikin 100 ne kawai, amma wani LNB ya kulle, wani ya ƙi, ko da akwatinsu iri ɗaya ne, don kamfanoni sukan canza cif ɗin ciki ba tare da sun canza suna ba.

Ga kuma zafi. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan a megahaz 9,750 ya kusa kilohaz 10, alhali faɗin muryar mutum ɗaya a wannan tauraro bai wuce kilohaz 2.7 ba. Talabijin ba ta damu ba, tasharta tana da faɗi, dikoda kuma yana bin ta. Mai sauraron murya kuwa, gajimare ya gifta ko iska ta kaɗa farantin da ya sha rana, sai ya ji abokin hirarsa yana zamewa daga kunnensa. Maganin da aka saba shi ne kiristal mai gyara kansa da yanayi, ko bugun da aka ɗaure da agogon GPS, ko manhajar da ke bin tsayayyen sautin da tauraron ke aikowa tana gyara kuskuren. Babu ɗaya daga cikinsu da zai taimaki osiletan da ya kasa kullewa, domin cuta daban ce.

Wanda ya yanke shawarar fita daga iyaka, aikin da kamfani ya yi masa a da shi ne zai yi da kansa, kuma ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Si5351 yana da rajista ta farko, mai lamba 0, inda yake ɗaga alama in ɗaya daga PLL ɗinsa biyu ya rasa kulle. Abin mamaki, da yawa daga manhajojin da ake kwafa ba sa ko duba ta. A sa manhaja ta riƙa karanta ta, ta hana aikawa in alamar ta tashi. A hura wa allon iska mai zafi da na'urar busar da gashi, a sa shi a firji cikin leda, a rage wutar zuwa bolt 3.0 a ɗaga ta zuwa 3.6. A kowane hali a kashe a kunna, domin da'irar da ta riga ta kulle takan iya riƙewa a inda ba za ta iya kamawa daga farko ba. A gwada cif fiye da ɗaya, waɗanda ba a saya tare ba. In an gano inda ya fara gazawa, a ja baya sosai.

Batun saye tare ɗin nan ya ƙara nauyi daga 2021. A shekarar ne Skyworks ya sayi sashen Silicon Labs da ke yin waɗannan cif, a shekarar ce kuma ƙarancin cif ya addabi duniya, har masu haɗa rediyo suka koma ga MS5351M, wani kwafi da ake yi a birnin Hangzhou na Sin. Ƙafafunsa da umarninsa iri ɗaya ne da na asali. Amma mai kwafi abin da ke takarda ya ɗauki nauyin cikawa. Abin da ke bayan 900 ko ƙasa da 600 babu wanda ya yi alkawarinsa, dole aka sake gwadawa daga farko. Shi ma kamfanin asali yana da 'yancin sauya yadda yake ƙera cif ɗinsa gobe, ya cika duk abin da ya rubuta, rarar kuma ta ragu ba tare da ya sanar da kowa ba.

Akwai wuraren da ban ga dalilin yin wannan caca ba ko kaɗan. A 20 ga Disamba 2002 wani roka ƙirar Dnepr ya tashi daga Baikonur ɗauke da SaudiSat-1C, ɗan tauraro mai nauyin kilo 10 da aka haɗa a cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz, KACST, a Riyad. Masu rediyo suna kiransa SO-50. Ana aika masa murya a megahaz 145.850, ya maido ta a 436.795, kuma ya shafe fiye da shekara 20 yana wannan aiki, yana shiga rana yana shiga inuwar duniya sau da yawa a kwana. Wanda ke haɗa abin da hannu ba zai sake kaiwa gare shi ba, ko na'urar asibiti, ko kayan da za a sayar wa dubban mutanen da ba su san abin da ke ciki ba, ba shi da hurumin taɓa rarar nan. In lissafinsa ya fita daga takarda, sai ya nemi wani cif ko ya sake tsari.

Rarar ma tana da ƙarshe. Zangon mita 160 yana farawa daga megahaz 1.8, kuma 1.8 sau 126 ya ba da 227, inda osiletan Si5351 ba ya sauka ko an roƙe shi. A nan masu haɗawa suka koma ga tsohuwar hanya, su fitar da bugu mai ninki huɗu su raba shi da wani ƙaramin cif irin 74AC74. Daga baya aka fito da wata dabara da ba ta buƙatar ƙarin cif ko fita daga iyaka: a tayar da bugun biyu tare, a sa ɗaya ya gaza ɗaya da haz 4 na tsawon milisakan 62.5, sannan a maido shi daidai. A cikin wannan ɗan lokaci ya riga ya koma baya da rubu'in zagaye, kuma a nan zai zauna, osiletan ciki yana gudunsa tsakanin 600 da 900. Wahalarta ita ce dole manhaja ta kiyaye milisakan ɗin nan sosai, kuma in an yi babban tsalle daga wani zango zuwa wani sai an maimaita.